Amsoshin Tambayoyinku: Kano a Tsofaffin Hotuna

Tambayarmu ta yau ta fito daga Malam Sani a Damagaram. Yana cewa: "Na ga tsofaffin hotunan Kano, amma na kasa gane wuraren. Ina garin nan ya tafi?"

To Malam Sani, mun gode. Garin yana nan, kamanninsa ne suka sauya. Idan ka ɗauki tsohon hoton Kano, fara neman Dutsen Dala. Dala bai gusa ba, shi zai nuna maka gabas da yamma.

Sai ka dubi ganuwa. A hotunan da Turawa suka ɗauka bayan sun ci Kano a 1903, ganuwar tana tsaye da tsayinta, ga gonaki a cikinta, ga gidajen ƙasa masu zanko da rufin azara, ga kududdufai inda aka haƙi ƙasar gini. Yau an cike yawancin kududdufan an yi gini a kai, ganuwar kuwa ta zaizaye, wani wurin ma an cinye ta, abin takaici.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya jawo cinikin gyaɗa. Dalar gyaɗa da kake gani a hotuna, buhuna ne aka jera suna jiran jirgi. Babu ko ɗaya yanzu. Ƙofar Nasarawa kuma, gadar sama ce a wurin.

In ka shigo Kano, Malam Sani, leƙa Gidan Makama kusa da fadar Sarki. Akwai irin waɗannan hotuna a ajiye.