Yadda Ake Leƙa Cikin Saiwar Shinkafar da Ta Sha Guba

Iri ake fara wankewa da ruwan bilic, a ɗauraye, a shimfiɗa kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin duhu har ya tsiro. Wannan ko sabon ɗalibi ya iya. Sai a mayar da tsiron cikin ruwa mai ɗauke da abincin shuka, ba ƙasa ba, don ƙasa ɓoye zance take yi. In ya yi mako biyu a raba shi gida biyu, a ɗiga wa kashi ɗaya gubar kadmiyam.

Japanawa suna da naci a wannan aiki, kuma da dalili. Kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafar Toyama, ya haddasa cutar itai-itai mai lalata ƙoda da rugurguza ƙashi.

Kwana kaɗan bayan an ɗiga kadmiyam za ka ga saiwar ta daina tsawo. A tsoma bakinta cikin rinin DAB, duk inda ƙwayoyin halitta ke ƙuna zai rine ruwan ƙasa. Rinin Evans kuwa matattu kaɗai yake mayarwa shuɗi.

Wanki ne inda ake gane gwani. Kadmiyam da yawa a jikin bangon ƙwayar yake maƙalewa, bai shiga ciki ba. Don haka a jiƙa saiwar cikin ruwan EDTA kamar minti 15, a ɗauraye da tataccen ruwa, a tsane ta da takarda a hankali, ba matsawa. Ka gajarta, ka ƙirga gubar waje a matsayin ta ciki. Ka tsawaita ko ka murje ta, ƙwayoyin su yoye, abin da kake nema ya bi ruwa. Na ga hannun da ke ɗaga saiwa da hantsaki ko gashinta ɗaya bai karye ba. Irin wannan hannu ba a littafi ake samunsa ba.

Sai awo ya yi magana. Gubar tana shiga ne ta ƙofar manganis, wato Nramp5, don ƙofar ba ta bambance su. A ciki ƙwayar takan ƙera fayitokelatin daga gulutatiyon ta ɗaure ta, haka kuma wani famfo mai suna HMA3 yakan tura gubar cikin bakiyol, tamkar rumbun da aka liƙe bakinsa. Tawagar Jian Feng Ma ta Jami'ar Okayama ta bayyana wannan famfo a 2010. Irin shinkafar da famfonsa ya lalace, gubar wucewa take yi ta hau kara har cikin tsaba.