Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Marsandina Ke Kwana A Durƙushe?

Tambaya: Ina da Marsandi S 500 ƙirar 2003 da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Tun shigowar hunturu, kullum na fito da safe sai in tarar gabanta na hagu ya durƙusa, har taya ta kusa shigewa cikin fenda. A da ina tayar da ita take miƙewa, yanzu kuwa sai ta daɗe tana gurnani kafin ta tashi. Laushin da na santa da shi ma ya tafi. Daga nan zuwa Azare kowane ɗan rami sai na ji shi a gadon bayana. Wani bakanike ya ce in sayi sabon kwamfuresa, wani kuma ya ce in cire kayan iskar baki ɗaya in sa sifirin. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Bulkachuwa, ƙaramar hukumar Katagum, jihar Bauchi.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa. Alhaji, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Duk bakaniken biyu magani suka faɗa maka, babu wanda ya tsaya ya gano ciwon, alhali motar da kanta tana nuna maka wurin kowace safiya.

Irin motarka ita ce kamfanin Mercedes ke kira W220, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, kuma a kanta aka fara fito da tsarin ɗora mota a kan iska da suka sa wa suna Airmatic. Ɗora mota a kan iska ya girmi wannan ƙirar nesa ba kusa ba, don Cadillac ta yi shi a Amurka tun 1957, Marsandi ma ta yi a 300 SE cikin 1961, manyan bas-bas da tireloli da yawa kuma a kansa suke tafiya har yau. Abin da ke ƙarƙashin taka shi ne shokazoba huɗu, kowace da balan-balan na roba mai kauri a jikinta a madadin sifirin ƙarfe. Kwamfuresa na ɓoye a bayan bambar gaba ta hannun dama, shi ke hura iska. Kusa da shi akwai akwatin bawul mai raba iskar zuwa kowace ƙafa ta cikin siraran bututun roba. Sai tankin ajiyar iska, da na'urorin auna tsayi guda uku, biyu a gaba, ɗaya a baya, masu sanar da kwamfutar motar ko ta yi ƙasa ko ta yi sama. Masu Range Rover, da Audi A8, da Lexus GX 470 a ƙafafunta na baya, duk wannan bayani zai yi musu amfani. Masu Lexus LX 470 da Marsandi S 600 kuwa su yi hattara, nasu da mai yake aiki, gyaransa daban ne.

To, motar da ta kwana lafiya ta wayi gari kusurwa ɗaya a ƙasa, iska ce ke zurarewa daga wannan kusurwar. Kwamfuresa ba ya aiki da dare, saboda haka ba shi ya durƙusar da ita ba. Da a ce shi kaɗai ne ya lalace, da za ta tsaya yadda ka ajiye ta, sai dai ta kasa ƙara tsayi idan an yi mata lodi.

Ga gwajin da za ka yi a ƙofar gida ba tare da kashe ko kwabo ba. Da yamma ka ajiye ta a wuri shimfiɗaɗɗe, inda babu gangara, ka bar injin yana aiki har ta daidaita. Ka kashe, ka ɗauki tef na awo ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin fenda, ka rubuta huɗun a takarda. In da hali, mai wayarin ya cire maka fiyus ɗin kwamfutar tsarin, domin kwamfutar kan sake wa sauran ƙafafun iska don ta daidaita motar, ta haka sai ta ɓoye maka ƙafar da ke da laifi. Da asuba ka sake aunawa. Idan duk huɗun sun ɗan ragu daidai wa daida, kar hankalinka ya tashi, iska takan tsuke cikin sanyin daren hunturu. Idan ɗaya ce ta faɗi ta bar sauran, ka samu inda za a fara dubawa.

Daga nan sai ruwan omo. A kaɗa shi ya yi kumfa, a tayar da mota ta cika, a buɗe bonet a zuba a saman shokazobar gaba, daidai inda bututun iska ya shiga. Wannan wuri ya yi suna wajen tsagewa a W220, musamman ƙirar farko-farko. A zuba a bakin bututun da ke jikin akwatin bawul, a bi bututun da ido ko wani wuri ya goge da ƙarfe. Duk inda kumfa ta riƙa tasowa tana fashewa, nan ne. Shi balan-balan ɗin a rufe yake, ba kullum omo ke kai masa ba. Idan waje bai nuna komai ba, bakanike ya cire bututun wannan ƙafar daga akwatin bawul ya toshe shi da agogon auna iska a bar shi ya kwana. In allurar ta sauka, shokazoba ce ko bututunta. In ta tsaya cak, bawul ne ke sakin iskar ta ciki. Na ga an zubar da lafiyayyar shokazoba saboda an tsallake wannan mataki ɗaya.

A nan ina roƙonka da girman Allah: kada kowa ya shiga ƙarƙashin wannan mota, ko ya cusa kansa tsakanin taya da fenda, sai an tokare ta da ƙarfen tokara mai ƙarfi. Motar ta doshi tan biyu, kuma da an kwance bututu za ta iya faɗowa cikin ƙiftawar ido. Yaran gareji ne suka fi shiga wannan haɗari, don su ake turawa ƙasa. Ka tsaya a wurin da kanka ka tabbatar.

Dalilin da ciwon ya bayyana da hunturu a fili yake. Robar ta haura shekara ashirin tana naɗewa tana warwarewa, ta sha zafin bazarar Katagum, rairayi da ƙura sun shiga lungunta suna ci kaɗan-kaɗan. Da sanyi ya zo sai ta ƙage, tsagar da ke rufe da rana ta buɗe da dare.

Yanzu mu koma kan gurnanin nan, don shi ya fi damuna a wasiƙarka. An ƙera kwamfuresan ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. Tun da yoyo ya fara, shi kuma yake ta ɗiban ruwa da kwando, yana hurawa tana fita, har ya yi zafi, zoben fistin ɗinsa ya cinye, ƙarfinsa ya ragu. Wato bakanike na farko bai yi ƙarya ba, mai yiwuwa kwamfuresan ya gaji. Amma in ka ɗaura sabo ba ka toshe yoyon ba, shi ma hanyar da na farko ya bi zai bi, kuɗinka ya tafi a banza. A fara da yoyo, sannan a auna ƙarfin kwamfuresa. Lafiyayye yakan cika tanki zuwa matsin iska wajen bar 13 zuwa 16. In ya kasa, wani lokaci sabon zobe ya wadatar, wani lokaci sai an sauya shi ɗungurungum. Duk ranar da aka sauya shi kuma, a sauya rile ɗinsa tare. Ɗan ƙaramin abu ne mai araha a akwatin fiyus, amma idan ya manne sai kwamfuresa ya yi ta aiki ko mota na kashe, har ya ƙone ko batir ya mutu. A duba fiyus mai amfiya 40, a sauya matatar da yake shaƙar iska ta ciki, wadda ƙurarmu ke toshewa da wuri. A cikin kwamfuresan akwai ƙwayoyi masu tsotse danshi. In sun ƙoshi, ruwa kan bi bututu ya lalata bawul, abin da damina ke tonawa. A auna batir da altaneta su ma, domin wutar da ta yi rauni takan sa tsarin ya riƙa kawo ƙorafin da ba shi da tushe.

Batun taurin tafiya kuwa, fara da mafi sauƙi. Je wurin mai faci a auna tayoyinka. Masu faci da yawa da ido da dukan yatsa suke hura taya, su cika ta kamar ta motar lodi, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe laushin kowace mota. Buɗe murfin tankin mai, a cikinsa Marsandi ke manna adadin iskar da ya dace. In an taɓa sauya mata manyan rim da siraran tayoyi, to wani kaso na laushin can ya tafi. Duba maɓallin da ke zaɓar laushi ko tauri, kada a ce wani ya danna shi ya bar shi a na gudu. Bayan waɗannan sai na cikin tsarin. Motar da ta yi ƙasa tana dukan robar ƙarshe a kowane rami. Wadda ta yi sama fiye da kima, saboda ƙaramin ƙarfen na'urar auna tsayi ya lanƙwashe ko ya ɓalle, ita ma tauri take yi. Sannan kwamfutar, da zarar ta ga matsala, takan mayar da shokazoba kan tauri don kare lafiyar masu ciki, shi ya sa sau da yawa gyaran yoyo kan dawo da laushi da kansa. Idan kuwa lilo take yi bayan ta haura tudu, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shokazoba, to ita ce ta ƙare. Ƙarar ƙwas-ƙwas a kan gargada galibi ta bushi ce.

Akwai aikin da sai da kwamfuta. Bayan sauya shokazoba ko na'urar auna tsayi, a haɗa motar da na'urar binciken Marsandi, wadda ake kira Star, a karanta ƙorafinta, a saita tsayin huɗun, a cika sabon balan-balan kafin a sauke nauyin mota a kansa, don in aka sauke shi ba iska yakan naɗe ya lalace tun ranar farko. Ka tambaya a Azare. In ba a samu mai ita ba, sai a nema a Kano. Can Ƙofar Ruwa za a nuna maka 'yan Beljiyam masu sheƙi, sai dai ka tuna robarsu sa'ar taka ce, daga motar da ta yi shekaru irin nata aka ciro su. In aljihu zai ɗauka, sabuwa ta Bilstein ko Arnott ta fi kwanciyar hankali, kuma a sauya hagu da dama tare. In ɗan Beljiyam ne ya zama dole, a ɗaura shi, motar ta kwana a garejin, ka auna da safe kafin ka biya.

Sifirin fa? Ba zan kushe shi ba. Mutumin da ke zaune nesa da mai kwamfuta, yana shiga ƙauyuka kan hanyar burji, yana son ya tashi da asuba ya kama hanya ba fargaba, yana da hujjarsa. Akwai kayan sauyi da aka ƙera musamman don W220, har da ɗan akwatin da ke kashe gargaɗin allo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanko sifirin wata mota a yi walda a cusa, don nauyi da tsayi ba za su dace ba, birki da shan kwana su za su biya. Ka kuma san abin da za ka rasa: daidaita kai idan an cika but da kaya, maɓallin ɗaga mota kusan inci ɗaya a wurin rami ko yashi, da laushin da kake kewa. Ni a ganina, tunda ƙafa ɗaya ce ta nuna alama kuma motar gadon mahaifi ce, ta cancanci a yi mata binciken nan kafin a yanke hukunci. In aka tarar huɗun sun tsufa, kwamfuresa da bawul ma sun tafi, sai ka ɗora kuɗin gyara da na sauyi a sikeli.

Kafin nan, ka rage hawanta, don kowace tafiya cin kwamfuresan take yi. Idan farin rubutu ne a allo, lallaɓa ta zuwa gareji. Ranar da ja ya fito yana cewa ta yi ƙasa da yawa, kada ka ce za ka ja ta a haka ta Shuwarin da Wudil har Kano. Taya za ta ci fenda da wayoyin da ke bayanta da zarar ka karya sitiyari. Nemi motar ɗaukar mota a ɗora ta.