Amsoshin Tambayoyinku: Binciken da Ake Yi Kafin a Datse Kogi

Wutar da madatsar ruwa ke bayarwa ta dogara ne kan abu biyu: yawan ruwan da ke wucewa da tsayin inda yake faɗowa. Nan ne tushen amsar wasiƙar farko ta wannan mako, wadda wani mai sauraro ya aiko daga Kontagora, yana neman sanin abin da injiniyoyi ke bincika kafin su tare kogi. Ruwa kubik mita ɗaya a kowace daƙiƙa, in ya zubo daga tsayin mita 10, ƙarfinsa bai cika kilowat 100 ba, kuma ba dukansa inji ke mayarwa wuta ba. Shi ya sa aikin farko awo ne. Ana kafa sanda mai lambobi a bakin kogi, ma'aikaci ya riƙa zuwa kullum yana duba inda ruwa ya kai, ya rubuta a littafi, shekara da shekaru. Daga wannan littafi ake sanin rowar kogin a shekarar fari, da haukarsa a shekarar ambaliya.

Kogin Kwara ya isa misali. A Kainji, inda aka kammala madatsa a 1968 mai ƙarfin megawat 760, sau biyu kogin ke kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, na daminar yankin, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, jiƙe da laka. Na biyu baƙin ruwa ne. Daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya bazu a fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, sannan ya iso garau da hunturu, lokacin da rafukan Arewa suka fara ƙafewa. Wanda bai san wannan hali na kogin ba, ba zai san ranar da zai tara ruwa da ranar da zai sake shi ba, kuma abin da aka saki a Kainji shi madatsar Jebba ke karɓa a ƙasa.

Wata mai sauraro daga Maraɗi ta tambaya ko da gaske ne sai an gina ƙaramar madatsa kafin a gina babbar. Gaskiya ne, a manyan ayyuka. Cikin wani faffaɗan zaure ake ƙera samfurin kogin da siminti, da gaɓarsa da duwatsunsa da ƙofofin madatsar, a sako ruwa da famfo. Akan ɗiga launi don a ga inda ruwa ke juyawa, a zuba rairayi don a ga inda zai ƙwaƙule da inda zai jibge. Akwai ƙa'idar lissafi da ake bi, mai ɗauke da sunan William Froude, injiniya ɗan Ingila: in samfurin ya kasance kashi ɗaya cikin 100 na ainihin ginin, gudun ruwansa zai zama kashi ɗaya cikin 10. Yanzu kwamfuta ta ɗauke wani ɓangare na aikin, amma ruwan da ya gauraya da iska da yashi har gobe sai an gwada shi da ido.

Inda bincike ya fi tsananta shi ne mafitar rarar ruwa, domin madatsar ƙasa ba ta jure ruwa ya tsallake kanta. Ko mafitar siminti ma tana da nata ciwon. Ruwa mai tsananin gudu, in ya ci karo da ɗan tudu a jikin siminti, sai ya haifar da ƙananan kumfa masu fashewa da ƙarfi, su yi ta cin ginin har ya rarake. Haka ta faru a madatsar Glen Canyon ta Amurka a 1983. Maganin da aka yi mata shi ne yanka wata kafa da ke shigar da iska cikin ruwan, iskar ta rage wa kumfan kaifi.

Tambaya ta ƙarshe daga Maiduguri take: shin bincike na ƙarewa ranar da aka buɗe madatsa? Ko kusa. Laka na taruwa a gindin tafki kowace damina tana cinye wurin ruwa, sai an riƙa shiga da kwalekwale ana auna zurfin. Ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin gini shi ma ana lura da shi. In ya ƙaru ko ya fara fitowa da jar ƙasa, alama ce ta ginin na zaizayewa daga ciki. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988, ta Alau kuma a Satumban 2024, ruwanta ya mamaye unguwannin Maiduguri. Kuɗin da za a kashe wa mai karanta sandar awo da mai duba jikin madatsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da asarar irin waɗannan ranaku.