Darasi na 14: Yadda Ake Saita Rauta a Ƙaramin Ofis

Wanda ya bi Titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi zai ga shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi a jere. A shago ɗaya sai ka tarar da kwamfuta biyu ko uku, ga firinta, ga wayar mai shago da ta yaronsa, kuma kowace tana neman intanet. Saya wa kowace data daban ɓarnar kuɗi ce. Maganin wannan shi ne rauta, wani ɗan akwati mai fitilu da ke karɓar intanet ta layi ɗaya ya raba wa duk na'urorin shagon.

Rauta iri biyu ce. Akwai wadda ake saka wa sim na MTN ko Airtel ko Glo, akwai kuma wadda kamfani ke jawo mata waya daga waje. Idan ka je saye a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, tambayi mai sayarwa: a buɗe take ko a kulle? Ta kulle layin kamfani ɗaya kawai take ɗauka. Sim ɗin kuma sai an yi masa rajista an haɗa shi da lambar NIN.

Kafin ka kunna, juya bayanta. Akwai takarda manne da sunan waifai, da kalmar sirri, da wasu lambobi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Kwafe su a littafi. Idan mai waya ce, duba ramukan da kyau. Wayar kamfani ramin WAN take shiga, wayoyin kwamfutocinka kuma ramukan LAN. Da yawa a nan suke kuskure, su wuni suna zagin kamfani a banza.

Yanzu kunna, ka haɗa wayarka da waifai ɗin. Buɗe burauza ka rubuta waɗancan lambobi a inda ake rubuta adireshi. Shafi zai fito ko babu data, domin a cikin rautar yake. Zai nemi suna da kalmar shiga, galibi admin. Aikinka na farko shi ne canza wannan kalma, don duk yaron da ya iya waya a unguwa ya san ta. Sannan ka canza sunan waifai da kalmar sirrinsa, ka zaɓi tsaron WPA2. Kada ka sa lambar wayarka a matsayin kalmar sirri. Tana rubuce a allon shagonka.

Rauta mai sim yawanci da kanta take kama intanet. Mai waya kuwa, idan kamfani ya ba ka suna da kalmar shiga, zaɓi PPPoE ka rubuta su. In bai ba ka ba, bar ta a kan DHCP.

To, ta yaya layi ɗaya ke isar na'ura goma? Kowace na'ura a intanet sai da adireshi na lamba. Tsohon tsarin da ake kira IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8. A watan Fabrairun 2011 hukumar da ke raba su ta duniya ta ba da ragowar da ke hannunta. Tun a 1994 masana suka fito da dabarar sauya adireshi, wadda za ka gani a shafin rauta da sunan NAT. A 1996 kuma aka tsayar da lambobin amfanin cikin gida, irin masu farawa da 192.168 da masu farawa da 10.

Ka ɗauki gidan gargajiya. Ƙofa ɗaya ce a waje, ɗakuna da yawa a ciki. Baƙo zaure kawai ya sani, sai ya aiki yaro ya ce ana sallama da wane. Rauta ita ce wannan yaron. Tana ba kowace na'ura lambar ɗakinta, misali kwamfuta 192.168.1.10, waya 192.168.1.11. Idan kwamfuta ta nemi wani shafi, sai rauta ta cire lambar ɗaki ta sa adireshin ƙofa, ta rubuta wanda ya aike ta. Da amsa ta dawo sai ta kai wa mai ita. Saƙon da babu wanda ya nema a ciki, a waje yake tsayawa. Saboda haka in ka ga NAT a kunne, kada ka kashe. Kana kashewa intanet zai ɗauke.

Firinta kan ba da wahala, domin lambarta na iya canzawa bayan an ɗauke wuta. A shafin DHCP akwai wurin da za ka tsayar mata da lamba ɗaya ta dindindin. Mai son kallon kyamarar shago daga gida kuma ya sani cewa kamfanonin waya su ma sukan haɗa masu layi da yawa a adireshi ɗaya. Don haka ya fi sauƙi ya bi ta manhajar kyamarar.

Ajiye rauta a sama, a sarari, ba cikin durowa ba. Idan komai ya rikice, danna ɗan maɓallin Reset da tsinke na kamar daƙiƙa goma, amma duk saitinka zai goge.

In wani ka kira ya saita maka, kada ka sallame shi sai ya rubuta maka kalmar shiga rauta da ta waifai, ka kuma gwada su da hannunka a gabansa.