Idan Za Ku Gayyato Marubuci Ƙasar Rano

Duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamar da littafi a Kano ya san tsarin. A kama zaure, a buga kati, a naɗa uban taro da uwar taro da babban mai ƙaddamarwa. Mai sharhi ya yi nasa, babban baƙo ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi masu kauri, a tafa, a watse. Ba na raina wannan, domin sau da yawa da kuɗin nan marubuci yake biyan bashin maɗaba'a. Amma yarinyar da ta karance littafin har ta haddace sunayen taurarinsa ba ta cikin zauren, in ma ta shiga ba mai miƙa mata abin magana. Taron da nake so mutanen Zinyau da Rurum da Kibiya su shirya daban yake. Marubuci ya zo, ya karanta littafinsa da bakinsa, a yi masa tambayoyi, wanda ya sayi kwafi a farashin kasuwa ya sa masa hannu a kai.

Akwai inda za a koya. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, reshenta na Kano ya daɗe yana zaman karatu na wata-wata da Hausa da Turanci, kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello yana cikin wuraren da ake haɗuwa. A Kaduna an fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, sannan a 2021 aka fara wani na littattafai da fasahar Hausa. Duk a birni ake yin su. Matar da ke sauraron karatun littafi a rediyo a ƙauyen Kibiya, da ɗalibin sakandare a Rano da ya karanta Ruwan Bagaja don jarrabawa, ba su taɓa zama da marubuci ido da ido ba. Kafin ku shirya naku, mutum biyu su daure su shiga mota su je zaman Kano ko sau ɗaya, su ga yadda ake yi, su karɓi lambobin waya.

Aikin yana son hannu biyu. Na farko mai shagon da ke sayar da littattafai, ko da rabin kayansa littattafan rubutu ne da biro da littattafan addini, domin shi ya san ciniki. Na biyu malamin Hausa ko mai kula da laburaren makaranta, domin shi ke da aji da benci da ɗalibai, kuma iyaye sun yarda da shi. In ƙungiyar ɗalibai ta garin ta shigo, ita za ta ɗauki shara da jera kujeru da shela.

Wajen zaɓen marubuci ne aka fi yin kuskure. Masu shiryawa sukan fara da sunan da suka fi ji, alhali masu karatu ya kamata a fara tambaya. Mai shago ya duba wane littafi ne yake ƙarewa da wuri. Malama ta tambayi 'yan matan ajinta wa suke karantawa a waya, domin yau marubuta da yawa a WhatsApp da manhajojin karatu suke sakin labari shafi-shafi, kuma suna da dubban masu bibiya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama waɗanda ba su da girman kai wajen amsa gayyata. Manya irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, ko Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka fassara littafinta Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, ku bar su sai zama na uku ko na huɗu, lokacin da hannunku ya faɗa. Sharaɗi ɗaya dai ba na sassautawa a kansa: marubucin ya kasance yana da littafi bugagge da zai zo da shi. Ba a sa hannu a kan waya.

Da an tsayar da suna, mutum biyu cikinku su karanta littafin daga bango zuwa bango, ɗaya a cikinsu dattijo ko dattijuwa. Dalili kuwa, har yanzu akwai iyayen da ke kallon littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano da zargi, kuma ba a manta ba a 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Idan wani ya tsare ku da tambayar me ke cikin littafin, ku zama kuna da amsa daga abin da kuka karanta da idonku. Sannan ku ɗauki kwafi ku je wurin dagaci. "Ranka ya daɗe, baƙo za mu yi, marubuci ne, ga littafinsa, muna neman izini da albarka." Haka za ku je wa liman da shugaban makaranta. Kada su ji labarin a bakin mai shela.

Lokaci kuma a bi yanayin gari. Da damina kowa yana gona, da azumi jiki ya yi sanyi kuma hankali yana kan tafsiri. Bayan an kai amfanin gona gida, aljihu da ɗan nauyi, shi ne lokacin sayen littafi. Amma a tuna da masu noman rani na yankin Tiga da Bunkure, waɗanda safiyarsu ta ban ruwa ce. Asabar ko Lahadi, daga bayan azahar zuwa la'asar ko daga la'asar zuwa kafin magariba, ya fi dacewa. A bincika kada ranar ta haɗu da cin kasuwa ko ɗaurin aure a babban gida.

A nan zan ɗan tsaya, domin mafi yawan masu karanta ƙagaggun labaran Hausa mata ne, kuma su ne taro irin wannan ya fi saurin bari a baya. Idan an sa shi da dare, ko a bakin kasuwa, ko a majalisar maza, to an sallame su tun kafin a fara. A yi shi a harabar makaranta ko Islamiyya, a ware musu gefensu da tabarmi da kujeru, a sanar tun mako biyu kafin ranar don matan aure su nemi izini a tsanake. Sanarwar ta bi ta inda take isa gare su, wato malaman Islamiyyar matan aure da gidajen biki da suna. Idan baƙuwar marubuciya ce, mace ta jagoranci zaman, kuma ba laifi a yi na mata zalla. Wadda ba ta samu fitowa ba ta aiko ƙaninta da kuɗi da sunanta a takarda, a sa mata hannu a kai mata har ɗaki.

Maganar kuɗi a gama ta a waya kafin baƙo ya baro gida. Yawancin marubutanmu da kuɗinsu suke buga littafi, su kuma bi 'yan kasuwa suna karɓar ciniki kaɗan-kaɗan. Bai kamata mutum ya biyo hanyar Bunkure da guminsa, ya yi muku magana awa biyu, ya koma da "Allah ya saka da alheri" kaɗai ba. Kuɗin mota zuwa da komawa wajibi ne, a ba shi a ambulan tun isowarsa, da abinci da wurin salla da hutawa. Littattafai kuma ya zo da su a farashin sari, mai shago ya sayar a farashin da ake sayarwa a Kano, ribar da ke tsakani tasa ce. Da marubucin ya sauke kwali, a ƙirga a gabansa, a rubuta a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Abin da ya rage ya koma da shi, ko a bar wasu a shago bisa yarjejeniyar ranar biya. A zaman farko kwafi talatin zuwa hamsin sun isa. Mai shago ya tanadi canji, ya rubuta lambar asusu a kwali babba saboda masu taransfa. Kuma kada ko kwafi ɗaya na satar fasaha ya hau teburin. Babu cin fuskar da ta kai a miƙa wa mutum jabun littafinsa ya sa hannu.

Ranar taro, a buɗe da addu'a, a gabatar da baƙo cikin minti biyar, a ba shi wuri. Jawaban manyan baƙi su ne ke cinye irin wannan zama, don haka a roƙi dagaci ko wakilinsa ya sa albarka a taƙaice. Marubucin ya karanta shafi huɗu ko biyar, kamar na kwata ɗaya na awa, ya zaɓi wurin da ke da zance tsakanin mutane, ya tsaya daidai inda mai sauraro zai so jin abin da ya biyo baya. A gwada lasifika tun da safe, a yi cajinta, kada a dogara da wutar lantarki.

Mai jagorantar zama ya zo da tambayoyi uku ko huɗu nasa, saboda shirun da kan biyo bayan an ce "akwai mai tambaya?" Ya tambayi abin da mutane ke son sani: ina aka samo labarin, wata nawa aka yi ana rubuta shi, nawa bugu ya ci, me mutanen gida suka ce da suka karanta. A raba ƙananan takardu tun farko, domin ɗalibar da ba za ta iya miƙewa a gaban malamanta ba za ta iya rubutawa ta naɗe ta miƙa. Sau da yawa tambayar da ta fi kowace nauyi daga cikin takardun nan take fitowa. Idan wani ya tashi da suka, ya ce littattafan nan suna ɓata tarbiyya, kada a ƙwace abin magana. A bar shi ya gama, a tambaye shi wane shafi yake nufi, a bar marubuci ya amsa. Wanda kuma ya mayar da tambaya lacca, a yi masa godiya cikin ladabi a wuce.

Teburin sa hannu ya zama daban da na ciniki, da ɗan tazara, don kada marubuci ya koma mai ba da canji. Mutum ya biya a nan, ya wuce can da littafinsa. A ajiye biro biyu masu kyau, a yi layin mata da na maza ana karɓa bi da bi. Wani ɗalibi ya tsaya yana rubuta sunan kowa a 'yar takarda yana saƙalawa a shafin farko, saboda Hassana da Hasana da Usaina kowa da yadda take rubuta nata, kuma abin da aka rubuta da biro ba ya gogewa. Marubucin ya ɗaga kai ya dubi mai littafin, ya ce "Malama, ya sunan?", ya rubuta suna da gari da kwanan wata. Wanda ya zo da tsohon kwafinsa da ya sha hannu har bango ya yage, a sa masa hannu kamar kowa, ko ma a fara da shi. Hoto kuma sai da izini, musamman a gefen mata.

Za a sami yaran da za su tsaya nesa da tebur saboda ba su da kuɗi. Saboda su, ku nemi mutum biyu ko uku masu hali a gari, kowa ya sayi kwafi biyar a farashin kowa, marubuci ya sa hannu da sunan makaranta, a buga hatimi, a shigar da su rajistar aro. Ko makarantar ba ta da ɗakin karatu, kabad ɗaya mai makulli a ofishin malamai da littafin rubuta sunan mai aro ya wadatar a fara. Za kuma a sami wanda zai zaro littafin rubutu daga riga ya ce shi ma yana rubutu. Kada a ɗora wa baƙo karatunsa a tsaye. Malamin Hausa ya karɓi sunayen masu irin wannan rubutu, ya sa musu ranar da za su zauna su karanta wa juna, ya roƙi marubucin lambar da za a tura masa wanda ya fi kyau.

A yi lissafi da baƙo kafin rana ta faɗi, a biya shi kuɗin littattafansa a hannu, a raka shi tasha da sauran haske. Washegari a kira a ji ya sauka lafiya. Cikin makon kuma mai shago da malam su zauna su rubuta mutum nawa suka zo, kwafi nawa aka sayar, nawa aka kashe, da sunan marubucin da mutane suka fi nema a kawo musu nan gaba.