Amsoshin Tambayoyinku: Soyayya Tana Buƙatar Adalci?

Wata mai sauraronmu ta tambaya ko masana halayyar ɗan Adam sun yarda soyayya tana buƙatar adalci. Ƙwarai kuwa, Malama. A littafinsu na 1978, Elaine Hatfield da abokan aikinta a Amurka sun bayyana cewa wanda ke bayarwa fiye da abin da yake samu yakan ji haushi, wanda aka fifita kuma abin yakan tsaya masa a rai. Wani zai ce ai ƙauna ba ciniki ba ce. Da gaskiyarsa, domin binciken Margaret Clark da Judson Mills a 1979 ya nuna gaggawar rama alheri takan rage shaƙuwa tsakanin masu neman kusanci. Sai dai barin lissafin kullum ba ya hana mutum lura in shekaru sun ja kuma shi kaɗai ke ɗawainiya.