Yadda Likita Ke Auna Ƙarfin Zuciya

Zuciyar mutum ɗakuna huɗu gare ta, amma wanda likita ya fi damuwa da shi, shi ne ɗakin hagu na ƙasa, domin shi ke tura jini zuwa dukkan jiki. Ɗakin nan ba ya juye abin da ke cikinsa ƙaf. Ga babban mutum mai lafiya yakan cika da jini kamar mililita 120, ya tura wajen 70 a bugu guda, watau fiye da rabi kaɗan. Wannan rabo shi ake aunawa. In ya kama daga kashi 55 zuwa 70 cikin 100, lafiya lau. In ya kasa 40, zuciya ta yi rauni ke nan.

Hoton ƙirji shi ne mafi daɗewa, tun da Rontgen ya gano haskensa a Jamus a 1895. Yana da araha, amma inuwa kaɗai yake nunawa. Idan faɗin inuwar zuciya ya wuce rabin faɗin ƙirji, sai likita ya yi zaton ta kumbura, yakan kuma ga ko ruwa ya taru a huhu. Yawan jinin da take turawa kuwa, hoton nan ba ya faɗa.

Abin da ke faɗa shi ne eko, watau amsa-kuwwa. Edila da Hartiz suka fara gwada shi a Lund ta ƙasar Suwidin a 1953. Akan shafa wani mai mai santsi a ƙirji, a ɗora ɗan abin awo, shi kuwa ya aika da sautin da kunne ba ya ji, sautin ya daki bangon zuciya ya komo. Nan take sai a ga zuciya tana motsi, marufanta suna buɗewa suna rufewa. Ba allura, ba zafi, ba haske mai cutarwa, har mai ciki ana yi mata, kuma ana iya kai na'urar bakin gadon majiyyaci. Amma fa yana da aibu. Sauti ba ya ratsa ƙashi ko iska sosai, saboda haka mai ƙiba da mai ciwon huhu hotonsu ba ya fita tangaram. Bayan haka, daga ɓangare biyu na hoton akan yi lissafin girman ɗakin duka, don haka ma'aikata biyu na iya auna mutum ɗaya su sami bambanci. Wanda aka ce masa 50 bara, bana aka ce 46, kada ya tada hankalinsa kafin likita ya duba.

Na'urar maganaɗisu, wadda likitoci ke kira MRI, ta fi kowace daidaita awo, domin tana ɗaukar zuciya yanka-yanka daga sama har ƙasa, kamar yadda ake yanka doya, sa'an nan a haɗa jimla. Tana kuma nuna tabon da ciwo ya bari a naman zuciya. Sai dai ga tsada, ga ta a manyan asibitoci kaɗai, majiyyaci kuma zai kwanta cikin rami kusan sa'a guda yana riƙe numfashi lokaci-lokaci. Mai ƙarfe a jiki lalle ya faɗa kafin ya shiga. Akwai kuma awon da ake yi da allurar sinadari mai fid da haske, amma ba a yi wa mai ciki.

A ƙasar Hausa maganar nan ta fi shafar masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Alamunsa su ne haki, kumburin ƙafafu, tari da dare, da kasa kwanciya sai an jingina. Hoton ƙirji zai nuna zuciya ta yi girma, amma eko ne ke tabbatar da ciwon, in an sami awon ya kasa kashi 45. Irin wannan mace likita kan hana ta kunun kanwa da yawan gishiri, gama suna tara ruwa a jiki su ƙara wa zuciya nauyi. Akan sake awon bayan kamar wata shida, kuma ya fi kyau a yi da irin na'urar da aka fara da ita. Wadda awonta bai komo daidai ba, wani cikin yana da hatsari ƙwarai gare ta, don haka ita da maigidanta su nemi shawarar likita tukuna, su tafi da takardar awon farko a hannu.